Darasi na 12: Bitamin A da Kitsen da Ke Ɗumama Jiki

Abin da darasin ya ƙunsa

A wannan darasi za mu san wani irin kitse da aikinsa ɗumama jiki, mu ga yadda bitamin A ke shiga sha'aninsa, sannan mu ware abin da ya shafi gidajenmu a Pusiga da Bawku daga abin da har yanzu bai fito daga ɗakin bincike ba. Za ku ci karo da 'yan baƙin sunaye. Ba haddace su ake nema ba, fahimtar aikin kowanne ta wadatar.

Jariri ba ya rawar ɗari

Idan hunturu ya kankama tsakanin Disamba da Fabrairu, ma'aunin zafi da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 20 a wannan yanki namu, inda a Maris da Afrilu yake haura 40. Babba in sanyi ya ratsa shi sai ya kama makyarkyata, haƙora na haɗuwa. Tsoka ce ke motsi da sauri don ta samar da zafi. Tsokar sabon jariri kuwa ba ta yi ƙwarin wannan aiki ba. Ga shi ya fito daga ciki mai ɗumin digiri 37, jiki a jiƙe, kai babba, fata siririya, ɗumi na fita daga jikinsa fiye da yadda yake fita daga na babba. To da me yake kare kansa?

Allah ya tanadar masa wani kitse na daban, kwance tsakanin allunan kafaɗa, da gefen wuya, da kewayen ƙoda. Launinsa ja-ja ne mai duhu, don haka za mu kira shi jan kitse, wanda muka saba gani a jikin ragon layya kuma mu kira shi farin kitse. A jikin jaririn da ya cika watanninsa, jan kitse yakan kai kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinsa. Farin kitse rumbu ne, abin da aka ci ya yi rara nan ake zuba shi don ranar yunwa. Jan kitse murhu ne, aikinsa ya ƙone abin da aka ajiye, ɗumi ya fito.

An gina jiki duka da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Ƙwayar farin kitse ɗigon mai ɗaya ne babba ya cika ta. Ta jan kitse tana da ƙananan ɗige-ɗigen mai barkatai, kuma cike take da wasu 'yan gaɓoɓi da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona abinci a fitar da ƙarfi. Su ne, tare da yawan jijiyoyin jini, suka ba kitsen launinsa, domin suna ɗauke da sinadarin ƙarfe. A sauran sassan jiki, ƙarfin da maitokondiriya suka fitar tanadinsa ake yi don aiki, kamar tafiya da noma da bugun zuciya. A jan kitse kuwa akwai wani furotin mai suna UCP1 da ke buɗe wata kafa, ƙarfin ya zurare ta nan ya zama zafi tsantsa. Jinin da ya ratsa wurin sai ya kwashi ɗumin ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Fata ce ke fara jin sanyi, labari ya je ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa jijiyoyin da suka shiga kitsen su saki sinadarin noradiranalin, nan take ƙuna ta fara. Ku riƙe wannan suna na UCP1, domin za mu yi ta komawa kansa. Masu bincike biyu, Daniel Ricquier a Faransa da David Nicholls a Birtaniya, su suka gano shi tsakanin 1976 da 1978.

Shi kansa kitsen an daɗe da saninsa. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Conrad Gessner, ya bayyana shi tun 1551 a jikin wata dabbar duwatsu da ke kwashe watannin sanyi tana barci. 'Yan tumaki da 'yan awaki da maruƙa duk da shi ake haihuwarsu. Kaji da zabi ba su da shi sam.

An daɗe ana ɗaukar cewa da mutum ya girma jan kitsensa ya ƙare. A 2009 gani ya kori ji. Rukunin likitoci uku, a Boston ta Amurka, da Maastricht ta Holan, da Turku ta Finlan, suka buga sakamakonsu a mujallar likitoci ɗaya, kowannensu da hoton na'urar da ke nuna inda jiki ke shan sukari. A Holan an zaunar da samari 24 a ɗaki mai sanyin digiri 16, aka ga jan kitse na aiki a jikin 23, a ramin wuya da gefen ƙashin baya. An kuma lura yana raguwa ga masu ƙiba da tsofaffi. A 2021 masu bincike a New York suka duba hotunan marasa lafiya fiye da 52,000, suka tarar ciwon sukari ya kama kashi 4.6 cikin 100 na waɗanda aka ga jan kitse a jikinsu, da kashi 9.5 na waɗanda ba a gani ba. Daga nan hankalin masu neman maganin ƙiba da ciwon sukari ya karkata ga tambaya ɗaya: me ke sa wannan kitse ya yawaita, ya kuma yi aiki? Cikin amsoshin da aka samu akwai bitamin A.

Tafiyar bitamin A a cikin jiki

Ta hanya biyu yake shigowa. Akwai wanda ya zo a shirye daga dabba, a hanta da ƙwai da nono da man shanu. Akwai kuma wanda tsiro ke bayarwa a matsayin bita-karotin, sinadarin da ya rina manja da mangwaro da karas da kabewa, wanda kuma yake ɓoye cikin koren ganye irin zogale da alayyafo da ayoyo. Shi wannan sai hanji ya tsaga shi kafin ya zama bitamin A. Dukansu biyu cikin mai suke narkewa, don haka ganyen da aka dafa babu ɗigon mai kaɗan ne jiki ke samu daga gare shi.

Mafi yawan abin da aka sha hanta ce ke ajiye shi, kuma ajiyar babba mai ƙoshin lafiya takan kai shi watanni. In ana buƙata sai hanta ta sako shi cikin jini da sunan retinol, ɗaure da wani furotin mai suna RBP, wanda ke kai shi inda za a yi aiki da shi. A cikin ƙwayar halitta retinol yakan sauya sau biyu. Da farko ya zama retinal, wanda ido ke gani da shi a cikin duhu. Yaron da ya rasa shi shi ne ke laluben bango da magariba, abin da muka sani da dundumi, kuma iyayenmu da suke ba mai dundumi hanta sun dace da gaskiya. Daga retinal sai ya zama asid ɗin retinoyik. Sauyi na farko ana iya juya shi baya, na biyu kuwa in an yi an yi ke nan.

Wannan asid shi ne mai ba da umarni. Yana shiga cibiyar ƙwayar halitta, inda aka taskace ƙwayoyin gado, ya manne da wasu furotin masu karɓar saƙo da ake kira RAR, waɗanda aka gano a 1987 a Faransa da Amurka. Da sun haɗu sai a kunna wasu ƙwayoyin gado, a kashe wasu. Ta haka ne ɗan tayi ke sanin inda ido zai fito da inda zuciya za ta zauna, ta haka kuma fatar cikin hanji da huhu ke sabunta kanta ta tare cuta. Abin da ke da irin wannan iko, ƙarancinsa illa ne, yawansa ma illa ne.

Inda su biyun suka haɗu

A 1995 masu bincike a Jami'ar Basalona ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin Francesc Villarroya, suka zuba asid ɗin retinoyik a kan ƙwayoyin jan kitsen ɓera da suke reno a ɗakin gwaji. Sai ƙwayoyin suka shiga ƙera UCP1 da yawa, ba tare da sanyi ba, ba tare da saƙon jijiya ba. Da suka bi diddigi sai suka ga ƙwayar gadon UCP1 tana da wani gurbi a gabanta, inda masu karɓar saƙon asid ɗin ke zama su kunna ta. Ashe ban da hanyar sanyi akwai wata hanya da ta biyo ta abinci.

A tsibirin Mayorka, duk a Sifen, rukunin Andreu Palou da Luisa Bonet suka kai gwajin kan ɓeraye masu rai. Waɗanda aka ciyar da abinci marar bitamin A, UCP1 ɗinsu ya ragu, farin kitse ya ƙaru. Waɗanda aka yi wa allurar asid ɗin kuwa UCP1 ya ƙaru, nauyinsu ya sauka. Daga baya suka ga wani abu kuma: wasu ƙwayoyi a tsakiyar farin kitse sun ƙanƙance, maitokondiriyarsu ta yawaita, sun fara kama da na jan kitse. Irin waɗannan ƙwayoyi na tsaka-tsaki, masu zama cikin farin kitse amma su iya ƙuna in an tashe su, yau ana lissafa su a matsayin kitse iri na uku. Su ne aka fi sa wa rai, domin farin kitse kowa na da shi.

Retinal ma ba a bar shi a baya ba. An daɗe ana ɗaukar cewa a wajen ido ba shi da wani aiki sai zama matakala zuwa asid. A Boston, rukunin Jorge Plutzky suka yi gwaji da ɓerayen da ba su da sinadarin Aldh1a1, wanda ke mayar da retinal asid. Sai retinal ya taru a kitsensu. A 2007 suka ba da rahoton cewa waɗannan ɓeraye ba sa ƙiba ko an cika su da abinci mai maiƙo, a 2012 kuma suka nuna dalili: farin kitsen cikinsu ya kunna UCP1, har suna jure sanyi fiye da 'yan uwansu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin 2012, Florian Kiefer, ya koma Biyana ta ƙasar Ostiriya ya ci gaba. A 2020 rukuninsa suka nuna cewa in sanyi ya taɓa jiki, retinol da RBP suna ƙaruwa a jini, a jikin ɓera da na mutum duka. Ɓerayen da ba su da RBP, wato bitamin A na nan a hanta amma babu mai fitar da shi, farin kitsensu bai sauya yadda ya kamata ba, kuma sanyi ya fi galabaitar da su. Abin lura a nan shi ne jiki da kansa ke tura bitamin A daga ma'ajiyarsa zuwa kitse a lokacin da ya ga dama. Shi ya sa Kiefer ya gargaɗi jama'a kada su ɗauki sakamakon a matsayin izinin shan kafso barkatai.

Saura batun lokaci, kuma a ganina nan ne zuciyar darasin take. Ƙwayar kitse ba a haihuwarta a kitse. Tana farawa ne a matsayin ɗanyar ƙwaya da ba ta riga ta ɗauki hanya ba, kuma a 2008 an gano cewa jan kitse na asali tsatso ɗaya suka fito da tsoka. In asid ɗin retinoyik mai yawa ya sami ɗanyar ƙwaya a daidai lokacin da take shirin zama kitse, sai ya tsayar da ita. In kuwa ya tarar da wadda ta riga ta nuna, sai ya ƙara mata ƙuna. In ya zo tun da wuri ainun, lokacin da ake shimfiɗa jijiyoyin jini, sai ya yawaita ɗanyun ƙwayoyin kansu, kamar yadda rukunin Min Du a jihar Washington ta Amurka suka gani a 2017 a jikin 'ya'yan ɓerayen da aka ƙara wa uwayensu bitamin A. Sinadari ɗaya, sakamako uku, gwargwadon lokacin da ya zo da yawan da aka bayar.

Masu kiwon turka za su gane wannan. A Japan, makiyayan shanun Wagyu sukan rage bitamin A a abincin sa a tsakiyar lokacin turka, don kitse ya ratsa cikin tsoka, naman ya yi tsada. In suka wuce gona da iri, san yakan makance ko ƙafafunsa su kumbura.

Ɓera ba mutum ba ne

Duk wanda ya bi bayanin da ke sama ya lura da yawan ambaton ɓera. Ɓera ƙaramar dabba ce, ɗumi na saurin fita daga jikinsa, jan kitse kuma babban abu ne a rayuwarsa har ya tsufa. Ga babban mutum ɗan kaɗan ne. A 2013 masu bincike a ƙasar Denmak suka gwada asid ɗin retinoyik a kan ƙwayoyin kitsen ɓera da na mutum. Na ɓera suka ƙara UCP1, na mutum kuwa wasu ba su motsa ba, wasu ma raguwa suka yi. A Biyana kuma retinol ya ƙara ƙuna a ƙwayoyin farin kitsen mutum da aka rena a ɗakin gwaji. Sakamakon bai zo ɗaya ba, kuma babu wani maganin rage ƙiba da aka amince da shi wanda aka gina a kan bitamin A. Duk wanda ya zo kasuwar Bawku ko ya turo saƙo ta WhatsApp yana tallar kafson bitamin A wai yana narkar da teɓa, abin da babu hujjarsa yake sayarwa.

Haɗarin kuwa tabbatacce ne. Bitamin A na kafso ba ya fita ta fitsari, taruwa yake yi a hanta har ya lalata ta. Ga mai ciki abin ya fi muni. Wani bincike a Boston a 1995, kan mata masu ciki fiye da 22,000, ya nuna cewa shan abin da ya haura IU 10,000 a rana (IU ma'aunin bitamin ne) yana tafe da ƙaruwar haihuwar yara masu tawaya a fuska da zuciya da ƙwaƙwalwa. Maganin ƙurajen fuska mai suna isotretinoin daga dangin asid ɗin retinoyik yake, kuma sananne ne wajen nakasa ɗan tayi. Wasu mayukan shafawa ma na ɗauke da ɗan uwansa mai suna tretinoin. Mai ciki, ko mai neman ciki, ta nuna wa ungozoma duk abin da take sha ko shafawa. Bita-karotin na ganye da manja da mangwaro ba shi da wannan matsala, domin hanji gwargwadon buƙata yake tsaga shi.

Abin da aka auna a ƙasarmu

Abin alfahari ne cewa ɗaya daga cikin manyan hujjojin duniya kan bitamin A daga jiharmu ta fito. Tsakanin 1989 da 1991, a gundumar Kassena-Nankana da ke yamma da Bolgatanga, Ma'aikatar Lafiya ta Ghana da wata babbar makarantar kiwon lafiya ta Landan suka gudanar da binciken da aka sani da Ghana VAST. Yara 21,906 aka bi, ana ba wasu bitamin A duk bayan wata 4, wasu kuma kafso marar komai. Sakamakon da aka buga a 1993 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 19 cikin 100 ga waɗanda suka samu. A ɓangare na biyu na binciken, kwanciya asibiti ta ragu da kashi 38. Ba wai yaran sun daina kamuwa da cuta ba ne, cutar ce ba ta tsananta musu. Kuma an ga wannan ne a yankin da alamomin ƙarancin bitamin A a ido ba su yi yawa ba, ma'ana yaro na iya zama cikin ƙaranci idonsa garau. Daga wannan aiki aka haifi Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo, wadda Dokta Fred Binka ya jagoranta, daga cibiyar kuma tsarin CHPS ya fito, wanda ya kawo nas har cikin ƙauyukanmu.

Sai aka ce, tunda ya yi wa yara amfani, a gwada ga iyaye mata. A Kintampo, daga 2000 zuwa 2008, binciken ObaapaVitA ya bi mata fiye da 200,000, ana ba rabinsu ƙaramin kafso kowane mako. Mutuwar mata wajen ciki da haihuwa ba ta ragu ba. Aka sake gwadawa a kan sababbin jarirai 22,955 a yankin, kafso ɗaya cikin kwana 3 na farko. Sakamakon 2015 ya nuna bai ceci rai ba, kuma an fi samun kumburin maɗiga ga waɗanda aka ba. Waɗannan bincike rayuka suka ƙirga, ba su auna kitse ba. Amma abin da suka koyar ya yi daidai da abin da aka gani a ɗakin gwaji: amfanin bitamin A ya danganta da wa aka ba, yaushe, kuma nawa.

Kan haka aka gina tsarin da ake bi a wurin awo. Yaro ɗan wata 6 zuwa 11 ana ba shi shuɗin kafso mai IU 100,000. Daga wata 12 zuwa 59 kuma jan kafso mai IU 200,000, duk bayan wata 6. Yaron da baƙon dauro ya kama ana ba shi na musamman a asibiti. Abin da ke damuna shi ne yawancin iyaye sukan yanke zuwa awo da zarar an gama allurar wata 18, alhali yaron na da sauran shekara uku da rabi yana buƙatar kafson. Binciken ƙasa na 2017 ya tarar kusan yaro 1 cikin 5 'yan ƙasa da shekara 5 a Ghana na da ƙarancin bitamin A, kuma arewa ta fi kudu.

Tukunya da gona

Dalilin da ya sa arewa ta fi ba ɓoyayye ba ne. Gero da dawa da farar masara da muke tuwon zafi da su, da doya da rogon da suka cika kasuwannin Salaga da Yendi, suna cika ciki amma kusan babu bitamin A a jikinsu. Albasar da Bawku ta yi suna da ita ma haka. Miya ce ke ɗauke da nauyin. Lokacin mangwaro da damina akwai wadata, tsakiyar rani ne ake shiga matsi.

Ganyen zogale ko kuka da aka baza a rana tsaka yakan rasa kaso mai yawa na bita-karotin ɗinsa, don haka a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Manja na cikin mafi wadatar abincin duniya a wannan fanni, amma in aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi jansa ya gushe, amfanin ya tafi tare da launin. A kuma saye shi wurin wanda aka yarda da shi, domin a 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta kama manjan da aka rina da wani rini mai cutarwa a kasuwannin Accra. Inda babu manja, ɗan man gyaɗa ko man kaɗe a miyar ganye ya isa ya taimaka wa hanji.

Sai dankali, wanda ƙasar Pusiga da Bawku ta karɓa ƙwarai. Mai farin ciki ba shi da wani bita-karotin na a zo a gani, mai jan ciki kuwa cike yake da shi. A 2005 Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua kusa da Kumasi ta fitar da iri mai suna Apomuden, kuma akwai tashar binciken noma a Manga, nan kusa da Bawku, inda manomi zai iya tambayar irin da ya dace da ƙasarsa. Dafaffen dankali mai jan ciki kimanin giram 125, wato ƙaramin guda ɗaya, yana biya wa ƙaramin yaro buƙatarsa ta yini. Manomin da ya ware kunya biyu ko uku don wannan iri ya yi wa gidansa tanadi babba.

Mu koma ga jariri

Jan kitse a watannin ƙarshe na ciki yake taruwa, don haka bakwaini da ɗan kaɗan yake zuwa. Ko ga wanda ya cika watanninsa, abin da ke akwai yana ƙarewa in aka bar shi cikin sanyi, kuma ƙunar na cinye sukarin jininsa da iskar da yake shaƙa. Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Da an haife shi a goge shi ya bushe, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Wanka ya jira sa'a 24. Na san wannan na karo da abin da kakanni suka saba, kuma da kyakkyawar niyya suke gaggauta wankan, amma jaririn da aka tsoma a ruwa da asubar hunturu yana ƙona abin da zai rayu da shi ne. Wannan riƙo na fata da fata likita Edgar Rey ne ya fara shi a Bogota ta Kolombiya a 1978. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda asibitin Komfo Anokye na Kumasi ke ciki, ya nuna cewa fara shi nan take ga jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 ya rage mutuwarsu da kashi 25 cikin 100.

Jariri da ɗan bitamin A kaɗan a hanta ake haihuwarsa. Ba kafso ne zai cike masa ba, dakashi ne. Wannan nonon farko mai kauri, launinsa na ɗorawa daga dangin karotin yake, kuma ya fi nonon baya yawan bitamin A. Kada a matse shi a zubar. Uwar da ke cin ganye da manja da ƙwai da dankali mai jan ciki, abin da ta ci ne ke bi ta nono ya isa ga ɗanta.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta aikin farin kitse da na jan kitse, kuma mene ne aikin UCP1?
2. Wata maƙwabciya mai cikin wata biyu ta sayo kafson bitamin A don ta rage ƙiba. Me za ku gaya mata, da wace hujja?
3. Binciken Navrongo da na Kintampo duk a kan bitamin A aka yi su. Me ya sa sakamakonsu ya bambanta?
4. Ku tattauna a aji: a unguwarku yaushe ake yi wa jariri wankan farko, kuma wa ke da ta cewa a kai?

Aikin gida

Ku rubuta duk abin da aka ci a gidanku cikin kwana uku, ku ja layi ƙarƙashin wanda ke da bitamin A, ku zo da takardar aji na gaba. Sannan kowa ya ɗauko littafin awon yaran gidansa 'yan ƙasa da shekara 5, ya duba ranar da aka rubuta kafso na ƙarshe. In ta wuce wata 6, a kai yaron wurin nas a wannan makon.